Jiran Iskar Hunturu

Karatu: Farawa sura 8, Yaƙub 5:1-11, II Timothawus 1:15-18 da 4:9-21. Ayar haddacewa: Farawa 8:22.

Ga mai koyarwa: a karanta waɗannan wurare da murya a gaban jama'a kafin a shiga bayani. Ba mu rubuta ayoyin a nan ba, domin kowa ya buɗe nasa Littafin ya gani da idonsa.

Duk wanda ya zaga shekara a Vinikilang ya sani zafi biyu mu ke da shi. Na fari shi ne na bazara, watau Maris da Afrilu, sa'ad da ma'auni ya kan wuce digiri 40, rairayi ya ƙona tafin ƙafa, har mutanen nesa suna ba da labarin zafin Yola. Na biyu kuwa shi ne wanda Hausawa su ke kira agazari, wanda ya kan sauko bayan ruwan ƙarshe, cikin watan Oktoba, wani sa'i har ya taɓa Nuwamba. A ma'auni bai kai na bazara ba, amma a jiki ya kan fi shi kasala. Ga dalili. Damina ta bar ƙasa a jiƙe, Binuwai a cike, fadamu duk ruwa kwance. Gizagizan da su ke yi mana laima kuwa sun janye. Rana tana bugun ruwa da ƙasa ba shamaki, tururi yana tashi, iska ta ƙoshi da danshi har ba ta da wurin karɓar wani. Saboda haka gumi ya kan tsatso ya zauna a jiki, ba ya bushewa, alhali bushewar gumi ita ce hanyar da Mahalicci ya shirya domin jiki ya huce. Mu kuwa a kwari mu ke zaune, tsakanin duwatsun Bagale da bakin kogi. Da dare rufin kwano yana mayar da abin da ya sha da rana. In an ɗauke wuta fanka ta tsaya, mutum ya fito waje da tabarma, sauro ya kore shi ciki, zafi ya sāke koro shi waje.

Abin da kowa ya ke jira a cikin makonnin nan iska ce. Iskoki biyu su ke rabon shekararmu. Ɗaya ta kan taso daga teku ta kudu maso yamma, ita ce mai kawo ruwa. Ɗayar ta kan taso daga hamada ta arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da farar ƙura wadda yawancinta daga kwarin Bodele ta ke fitowa, can arewacin ƙasar Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe tun zamanin dā. Iyakar da ke tsakanin su biyu tana hawa arewa da damina, tana sauka kudu da kaka, ranar da ta wuce kanmu kuwa ita ce ranar da hunturu ya iso, wanda maƙwabtanmu Fulani su ke kira dabbunde. Sa'an nan ruwan randa ya yi sanyi, wanki ya bushe kafin a gama shanya, ƙofar da ta kumbura da damina ta koma rufuwa, tsoho ya yi barci har gari ya waye.

A wannan lokaci in mun gamu a kan gada ko a bakin majami'a, mu kan ce wa juna, Yaya zafi? A kan amsa, Lokacinsa ne. Mun faɗi wannan amsa har ta zama kamar tari, ba mu ƙara jin abin da ke cikinta. Amma babbar magana ce. Wanda ya ce zafi lokacinsa ne ya shaida cewa akwai Mai yanka lokaci, cewa zafin yana da ranar shiga da ranar fita, cewa kuma ba shi ne ya ke riƙe da kalandar ba. Darasinmu na yau yana so ya tambaye mu ko zuciyarmu ta yarda da abin da bakinmu ya ke faɗi kullum.

Nuhu a cikin jirgi

Yara sun san cewa an yi ruwan tufana kwana 40. Abin da ba a cika koya musu ba shi ne, Nuhu ya fi shekara guda a cikin jirgi. Bari mu yi lissafi da Littafi a buɗe. Ruwa ya sauko ran 17 ga wata na biyu. Ya yi kwana 150 yana rinjaye a bisa ƙasa. Ran 17 ga wata na bakwai jirgi ya zauna a kan duwatsun Ararat. Sai ran 1 ga wata na goma kawunan duwatsu su ka bayyana. Nuhu ya ƙara kwana 40 kafin ya buɗe taga. Ya saki hankaka, ya saki kurciya ta komo ba kome, ya dakata kwana bakwai ya sāke sakinta ta komo da ɗanyen ganyen zaitun, ya ƙara kwana bakwai ya sake ta, ba ta komo ba. Ran 1 ga wata na fari na sabuwar shekara ya yaye rufin jirgi ya ga fuskar ƙasa ta tsane. Amma bai fito ba sai ran 27 ga wata na biyu. Ashe ruwan sama ɗan kaɗan ne a cikin labarin. Mafi yawansa jira ne, cikin akwati guda na katako, tare da dabbobi da warinsu, da iyali takwas waɗanda ba su da inda za su guje wa juna.

Mutanen bakin Binuwai ba su bukatar a fassara musu wannan. A shekarar 2012, da kuma 2022, ruwan sama mai yawa ya haɗu da ruwan da aka saki daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, kogi ya haura gāɓa ya ci gonaki da gidaje tun daga nan har Lokoja da gaba. Waɗanda su ka kwana a ɗakunan makaranta a waɗancan shekaru sun sani ranar da ruwa ya shigo ba ita ce mafi wuya ba. Mafi wuya su ne makonnin da su ka biyo baya, sa'ad da ruwa ya daina hawa amma bai tafi ba, mutum yana hangen rufin gidansa daga nesa, kowace safiya yana zuwa ya duba karan da ya kafa a bakin ruwa.

Abu biyu za mu lura da su a nan. Na ɗaya, aya ta fari ta sura 8 ta nuna mana Allah bai manta da Nuhu ba, abin da ya aiko kuwa domin ruwa ya janye iska ce. Ba a gaya mana ya yi wa Nuhu magana a cikin dukan watannin nan ba. Aikin yana tafiya a waje, a hankali, inda na cikin jirgi ba ya gani. Haka iyakar iskokin nan ta ke matsowa daga arewa kowace rana muna kwance muna gumi, ko da ba wani ganye da ya motsa a tsakar gidanmu. Rashin ganin motsi ba shaida ba ce cewa an manta da mu.

Na biyu ya fi wuya. Nuhu ya ga ƙasa ta tsane da idonsa, ya kuma zauna kusan wata biyu, har Allah ya ce masa ya fito. Bai raina alamu ba, gama shi ne ya yi ta aiken tsuntsaye. Amma bai mai da alama ta zama umarni ba. Da yawa a cikinmu mun iya jira muddin ba mu ga hanya ba. Ranar da ƙofa ta ɗan buɗe, ranar ce haƙurinmu ya kan ƙare: saurayi ya ga kuɗin da bai san asalinsa ba ya ce Allah ne ya buɗe hanya, budurwa ta gaji da zaman gida ta karɓi na farkon da ya yi sallama. Fuskar ƙasa ta kan bushe alhali taɓo yana ƙarƙashi, duk wanda ya taɓa shiga fadama da ƙarshen damina ya sani.

Bayan fitowa sai aka ba da alkawarin da ke cikin ayarmu ta haddacewa. A duba ta da kyau. Allah ya jera abubuwa biyu biyu, ya ce ba za su fasa ba muddin duniya tana nan. Sanyi yana cikin jerin, wannan ya yi mana daɗi. Amma zafi ma yana ciki, a ɗaure da sanyi da igiya guda. Ba a yi mana alkawarin duniya marar agazari ba. An yi mana alkawari agazari ba zai zauna har abada ba, kuma hannun da ya kawo shi shi ne zai ɗauke shi. Nan ne jiran mai bi ya rabu da jiran mai caca. Mai caca yana jiran abin da mai yiwuwa ne ya zo, mai yiwuwa ne ya ƙi, don haka zuciyarsa tana cin kanta. Mu kuwa ba wanda ya taɓa sayar da bargonsa cikin Oktoba domin yana tsammani bana hunturu ba zai zo ba.

Manomin Yaƙub da manomin masakwa

Manzo Yaƙub ya rubuta wa masu bi matalauta waɗanda a ke zalunta, ya kafa musu manomi ya zama misalin haƙuri har zuwa komowar Ubangiji. Ya ambaci ruwa biyu, na fari da na ƙarshe. A ƙasar Falasɗinu ba a ruwa tun daga wajen Mayu har Satumba. Ruwan fari ya kan sauko cikin Oktoba ko Nuwamba ya tausasa ƙasa domin a yi huɗa a shuka alkama da sha'ir. Na ƙarshe kuwa cikin Maris da Afrilu, shi ne mai cika ƙwaya. Watau a watan nan guda, manomin Yahudiya yana duban yamma yana jiran hadari, mu muna duban arewa muna jiran hazo. Abin da a ke jira ya bambanta, gajiyar jiran kuwa iri ɗaya ce.

Amma kada mu ɗauka manomin nan zaune ya ke a gindin itace ya naɗe hannu. A ƙasarmu muna da misalin da ya fi kowane bayyana wannan, shi ne noman masakwa, dawar rani wadda a ke yi a baƙar ƙasa mai yumɓu ta kwarin Binuwai da kewayen tafkin Cadi. A kan yi rainon irinta tun ruwa bai ɗauke ba. Da ruwa ya janye daga fadama, cikin zafin nan da kowa ya ke kuka da shi, sai manomi ya share ciyawa, ya ɗauki turke mai tsini ya huda ƙasa rami rami, ya zuba ɗan ruwa a kowane, ya sa dashe. Daga nan ba ta ƙara ganin ruwan sama ba. Danshin da yumɓu ya riƙe shi ta ke sha, sanyin hunturu ya rene ta, a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu sa'ad da sauran gonaki duk sun zama kara. Wanda ya ce bari zafi ya wuce tukuna in yi dashe da sanyi, zai tarar ƙasa ta daskare ta tsattsage, turke ba ya shiga. Amfanin da a ke ci da sanyi, da zafi a ke dasa shi.

Har wa yau zafin nan ba banza ya ke yi ba. Shi ne ya ke nunar da dawa, ya busar da masara da gyaɗa da shinkafa har su shiga rumbu ba su yi fumfuna ba. Da za a ba mu ikon kalanda, da mun tsallake Oktoba gaba ɗaya, da kuwa mun ci ruɓaɓɓen hatsi.

A duba kuma inda Yaƙub ya ajiye gargaɗinsa a kan gunaguni. Nan da nan bayan ya yi maganar haƙuri, a aya ta 9, ya hana 'yan'uwa yin gunaguni a kan juna, ya ce mai shari'a ya riga ya iso bakin ƙofa. Mutumin nan ya san halin ɗan adam. Wanda ba ya iya faɗa da rana sai ya yi faɗa da wanda ke kusa da shi. A makonnin nan ne faɗa ya kan yi yawa a bakin famfo, miji da bai yi barci ba ya ɗaga wa matarsa murya a kan gishirin miya, uwa ta doki yaro a kan abin da jiya ta yi masa dariya. Haka ya ke a cikin ekklesiya da ta daɗe tana jiran wani abu, ko ginin da bai ƙare ba, ko albashin mai bishara da ya makara: tun ba a kai ga abin ba dattawa sun rabu biyu. Annabi Yunana ma, da iskar gabas mai ƙuna ta buge shi a bayan birnin Nineba, inuwarsa kuma ta bushe, har mutuwa ya roƙa, yana jin haushin ganye guda fiye da yadda ya ji tausayin birni mai mutum fiye da 120,000. Zafi ba ya sa mugunta a cikin mutum; abin da ke ciki ya ke tsatso da shi, kamar gumi.

Akwai kuma maganar da masu gona ba za su so ji ba, amma tana cikin karatunmu, ba mu da ikon tsallake ta. Kafin Yaƙub ya ce wa matalauta su yi haƙuri, ya fara tsawata wa mawadata waɗanda su ka riƙe hakkin masu yi musu girbi, ya ce kukan ma'aikatan ya kai kunnen Ubangiji. Yanzu lokacin ƙodago ne. Yaran da su ke yankan shinkafa a fadama tun hantsi har la'asar, ruwa a ƙafa rana a ka, in sun zo karɓar kuɗinsu kada mai bi ya ce musu su yi haƙuri sai kasuwa ta ci. Haƙurin da Littafi ya ke koyarwa namu ne mu yi, ba a ba mu shi domin mu ɗora wa wanda ya ke binmu bashi ba.

A kan masu ƙidayar kwanaki

Hunturu yana da alamu, tsofaffi kuwa sun iya karanta su. Shamuwa da ta zo da damina ta kan tattara ta yi kudu. Gawo, wanda ya tsaya tsirara dukan damina, ya kan soma fid da ganye. Ciyawa ta yi ja, raɓa ta ragu, Fulani su fara gangarowa da shanu zuwa bakin kogi, wata safiya a duba Bagale a ga kamar an rufa masa farin mayafi. Annabi Irmiya ya kunyata mutanensa da tsuntsaye irin waɗannan, ya ce su sun san lokacinsu, jama'ar Allah kuwa ba su sani ba. Don haka lura da alamu ba laifi ba ne. Amma kowa ya taɓa ganin hunturun ƙarya: iska ta juyo kwana biyu, mutane su fid da riguna masu kauri, rana ta uku danshi ya komo kamar bai taɓa tafiya ba.

Haka a ke yi da komowar Almasihu. A Amurka, mabiyan wani mai wa'azi William Miller sun tsai da ran 22 ga Oktoba 1844, waɗansu har su ka bar amfanin gonarsu ba girbi. Rana ta fito ta faɗi kamar kullum. A zamaninmu wani mai wa'azin rediyo, Harold Camping, ya sa ran 21 ga Mayu 2011, da ta wuce ya matsa zuwa 21 ga Oktoba. Ubangiji kuwa ya riga ya gaya wa almajirai a Ayyukan Manzanni 1:7 cewa sanin lokatai ba rabonsu ba ne. A ganinmu mai sa rana da mai cewa ba za a zo ba sam, ciwo ɗaya ke damunsu: dukansu biyu sun gaji da jira, kowa ya nemi hanyar da zai sauke kayan.

Mayafin Bulus

Yanzu mu juya ga wasiƙar ƙarshe ta Manzo Bulus, inda za mu ga wani mutum wanda sanyin da ke zuwa abin tsoro ne a gare shi. Yana kurkuku a Roma, a zamanin Sarki Niro, ya kuwa sani ƙarshensa ya yi kusa. Dimas ya yashe shi ya tafi Tasalonika, sauran an aike su wurare dabam dabam, Luka kaɗai ya rage. A cikin surar nan da ya ke maganar rawanin adalci, a nan ne kuma ya roƙi Timothawus ya biya ta Taruwasa, gidan Karbus, ya ɗauko masa mayafin da ya bari, da littattafai da fatun rubutu. Sau biyu ya ce masa ya yi hanzari, a na biyun ya faɗi dalili: ya iso kafin lokacin sanyi.

Me ya sa? Domin a zamanin nan jiragen ruwa ba su ratsa Bahar Rum daga wajen tsakiyar Nuwamba har Maris, saboda hadari. Bulus da kansa ya taɓa ɗanɗana abin da ke samun jirgin da ya makara, a karanta Ayyukan Manzanni sura 27. Kakanninmu za su gane wannan sarai, gama Jimeta tashar jirgin ruwa ce tun asali, manyan jirage kuwa ba su iya hawowa Binuwai sai a 'yan watannin da kogi ya ke cike. Wanda kayansa ba su shiga jirgin ƙarshe ba, sai baɗi. In Timothawus ya ce bari in gama wannan da wancan tukuna, hanya za ta rufe, mayafi ya kwana a Taruwasa, tsoho ya kwana a kan dutse. Littafi bai gaya mana ko ya iso a kan kari ba. An bar maganar a buɗe, kamar an miƙo mana ita.

Gama iskar da mu ke roƙo ba daɗi ta ke kawo wa kowa ba. Ga mai ɗaki da bargo, hunturu hutu ne. Ga tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi, da jariri mai tari, da mai asma, da yaron da ke kwana a rumfar kasuwa, da mai gadi, da masunci da ke shiga ruwa da asuba, wata wahala ce ta maye gurbin wata. Lokacin gobara ne kuma, saboda garwashin da a ke shiga da shi ɗaki da busasshiyar ciyawa. Cikin rani ne sanƙarau ya kan yi yawo, musamman inda mutane su ka cunkushe a ɗaki guda.

Mu a nan mun ga wannan da idonmu. A shekarar 2014 'yan Boko Haram su ka ci Madagali cikin Agusta, Michika cikin Satumba, ran 29 ga Oktoba kuma su ka shiga Mubi, a ranar ce kuma aka watsa hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Dubban mutane su ka biyo daji da ƙafa cikin agazari, da rigar da ke jikinsu kaɗai, gama wa zai tuna da bargo yana gudu cikin zafin Oktoba? Mu ne a kan hanyar Mubi kafin a hau gada, saboda haka a ƙofarmu da yawa su ka fara zubewa. Waɗansu aka kai su sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Damare, waɗansu Malkohi, waɗansu su ka cika harabar majami'ar Santa Tereza a Jimeta inda Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu ƙofa, waɗansu filin majami'u a nan Vinikilang. Mafi yawa kuwa gidajen mutane su ka shiga, na Kirista da na Musulmi, ɗakin mutum biyar ya ɗauki ashirin. Ba a yi wata guda ba hunturu ya sauko a kansu. Iskar da mu ka yi makonni muna marmari ita ce ta iske yara kwance a kan siminti. A shekarar nan duk wanda ya ke da zane biyu ya gane abin da na biyun ya ke yi a akwatinsa.

Shari'ar Musa ta san wannan tun dā. A Fitowa 22:26-27 an umarta cewa in an karɓi mayafin matalauci jingina, a mayar masa kafin rana ta faɗi, domin ba shi da wani abin rufa. Allah kuwa ya ce zai ji kukansa. Allahn da ya ke juya iskokin duniya yana lissafin mayafi guda.

A farkon wasiƙar Bulus ya ambaci wani mutum, Onisifaras, wanda ya zo Roma ya yi ta nemansa har ya same shi, bai ji kunyar sarƙarsa ba. Kalmar Helenanci da Bulus ya yi amfani da ita a kan abin da mutumin nan ya yi masa, asalinta daga sanyaya ta ke, kamar yadda iska ta kan taɓa wanda zafi ya gallaba ya sami numfashi. Daga tushe guda ta fito da kalmar da Bitrus ya faɗa a Ayyukan Manzanni 3:19, inda ya yi wa masu tuba albishir da lokatan wartsakewa daga wurin Ubangiji. Hausa ma haka ta ke: mu kan ce wane ya sanyaya mini zuciya. Onisifaras bai iya buɗe kurkuku ba, bai iya sāke hukuncin Niro ba, bai kuma jira sai an sami sauƙin zamani ba. Ya bi titunan babban birni yana tambaya, a lokacin da tambayar inda Kirista ya ke tana iya jawo wa mutum mutuwa. Bulus ya ce sau da yawa ya yi haka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bargo da rigar sanyi ta gwanjo sun fi araha a kasuwar Jimeta yanzu da kowa ya ke gumi, fiye da ranar da hazo ya rufe gada kowa ya ruga nema. Baikon godiyar kaka yana gabanmu, Zumuntar Mata kuwa sun fi kowa sanin gidan da tabarma ɗaya ce, da gwauruwar da rufin ɗakinta ya yaye tun iskar farkon damina.

Domin tattaunawa

A sāke lissafin kwanakin Nuhu a kan allo, kowa da Littafinsa. Daga ranar da ya ga ƙasa ta tsane zuwa ranar da ya fito, kwana nawa ne? Wane abu ne a cikin zamanmu ya yi kama da ƙasar da ta bushe a sama kaɗai?

Yaƙub ya ambaci Ayuba a aya ta 11. Ayuba kuwa ya yi kuka mai yawa, har ya la'anci ranar haihuwarsa. Ina bambanci tsakanin kukan Ayuba da gunagunin da aya ta 9 ta hana? A kai wa wa, a kan wa?

In akwai wanda ya ke riƙe da kuɗin ɗan ƙodago a cikinmu, ba sai ya amsa a gaban jama'a ba.

Kafin a tashi, mai koyarwa ya ba da takarda a rubuta, unguwa unguwa, gidajen da a ke tsammani sanyin bana zai iske su ba shiri, a kuma sa sunan wanda zai je kowane gida kafin Lahadi mai zuwa. Kada a karanta sunayen gidajen da murya. A miƙa takardar ga dattijo ɗaya da shugabar Zumuntar Mata.